Mai Doki Ya Rasu, Wa Zai Riƙe Linzami? Jagorar Wasiyya da Gadon Dabbobin Gida a Kaduna

Tambayar nan ta yi ta dawowa, musamman daga masu tattabaru da masu dawaki: idan mutum ya rasu, me ke faruwa da dabbobinsa, kuma zai iya bar musu wasiyya? Wasu kuma sai bayan an yi rasuwar suke tambaya, an bar kare ɗaure a bayan gida ko aku a keji, magada sun rasa yadda za su yi da shi.

Amsar a taƙaice ita ce dabba ba ta gado, ita ake gada. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, dukiya ce, kamar mota ko fili. Inda ta bambanta da mota shi ne mota za ta yi wata shida a lulluɓe da tamfol tana jiran rabon gado, doki kuwa ba zai yi kwana biyu babu ruwa ba. Matakai na 1 zuwa na 6 na mai dabba ne tun yana raye. Daga na 7 zuwa ƙasa na iyalinsa ne bayan ya rasu.

1. Rubuta abin da kake da shi

Sayi littafi ɗaya, ka ba kowace dabba shafinta. Rubuta sunanta idan tana da shi, jinsi, shekaru, launi da wata alama da ba a rikitawa, kamar farin goshi, farar ƙafar baya ta hagu, tsagar kunne ko lambar zoben ƙafar tattabara. Ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Sai abin da take ci da yawansa a awo na gaskiya, mudu ko kwano ko dami, ba "daidai gwargwado" ba. Sai ranar rigakafin ƙarshe, maganin da take sha idan akwai, da lambar likitan dabbobin da ya santa.

Akwai layi biyu da ake mantawa, su ne kuma ke haifar da shari'a. Na farko, dabbar da ke gidanka amma ba taka ba ce, kamar dokin aboki da ke bargarka ko tattabarun da ka aro don haɗa iri. Na biyu, taka da ke hannun wani, kamar raguna a rugar Fulani ko doki a Zariya wurin mai horarwa. Rubuta kowanne da sunan mai shi ko mai riƙo da sharaɗin da kuka yi.

Gargaɗi: idan kai ka sayi kyanwa ko zomaye ka ce wa 'yarka "naki ne", kuma ita ke kiwonsu, to ba naka ba ne, ba sa shiga gado. Rubuta hakan ƙarara.

2. Nemo wanda zai karɓa, ka tambaye shi baki da baki

Kada mutum ya fara jin an bar masa doki a wurin karanta wasiyya. Yana da damar cewa ba ya so, wasiyya ba ta tabbata ga wanda aka ambata sai ya karɓa bayan rasuwa. Ka je gidansa ka duba da idonka. Wanda ke haya a ɗaki biyu a Tudun Wada ba shi da wurin karen gadi, komai son da yake yi masa. Ka tambayi ra'ayin matar gidan ma, don sau da yawa ita za a bar wa ɗawainiyar.

Ka yi la'akari da tsawon rai. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13, kyanwa 12 zuwa 18, doki 25 zuwa 30, aku mai jan wutsiya kuwa yakan kai 40 har ya wuce. Dattijo ɗan shekara 65 da ya bar wa sa'ansa aku bai warware komai ba. Saboda haka a ambaci mutum na biyu, wanda zai karɓa idan na farko ya rasu ko ya janye.

Gargaɗi mai muhimmanci ga Musulmi: babu wasiyya ga magaji. Idan ka rubuta "dokina na ɗana wane ne", wannan layin ba zai zartu ba sai idan sauran magada sun yarda bayan rasuwarka, kuma balagaggu masu hankali kaɗai ke da ikon yarda, kowa a kan kasonsa. Matarka, 'ya'yanka da iyayenka duk magada ne. Aboki, maƙwabci, yaron barga, almajirinka, ko jikan da wani ya shamakance daga gado, waɗannan ana yi musu wasiyya. Idan wanda ya fi dacewa magaji ne, duba mataki na 6.

3. Lissafa abin da dabbar ke ci

Wanda ya bar wa mutum doki babu kuɗin harawa, nauyi ya bar masa. Lissafin ba shi da wuya. Haɗa abin da kake kashewa a wata, ka ninka sau 12, ka ƙara kuɗin rigakafi da magani na shekara, sannan ka ninka da shekarun da ake sa ran sun rage mata.

Ga misali da alƙaluman kwatance, kai ka sa naka na gaskiya. A ce kare ne ɗan shekara 6, yana cin na ₦25,000 a wata, wato ₦300,000 a shekara. Rigakafin haukan kare, maganin tsutsa duk wata uku, maganin kaska da ɗan abin ko-ta-kwana, a ce ₦50,000. Ya zama ₦350,000. Sau shekara 6 da suka rage, ₦2,100,000 ke nan. Yawancin masu dabbobi sai a nan suke fara ganin ainihin abin da suke kashewa.

Na doki ya fi haka sassa. Doki na cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato mai kilo 350 zai ci wajen kilo 7, mafi yawa harawa da ciyawa, sauran dusa da gero ko dawa. Ƙara kanwa ko gishiri, yankan kofato duk mako 6 zuwa 8, albashin mai kula da shi, da kuɗin ruwa idan mai kura ake saye, don yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, ya ma fi haka a zafin Maris da Afrilu.

Gargaɗi: naira ba ta zama wuri ɗaya. Kuɗin da ya isa bana ba zai isa baɗi ba. Gara a rubuta bukatar da awo, "buhun gero kaza da damin harawa kaza a shekara", a kuma umarci mai riƙon kuɗin ya yi sayayyar shekara da kaka, lokacin da harawa ke da araha, maimakon bazara da take tsada kamar magani.

4. Auna shi da sulusi

Dukiyar Musulmi ana bi da ita a jere: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai gado. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan jana'iza da bashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Dabbar kanta da kuɗin ciyar da ita da duk wata wasiyya da ka yi, a cikin sulusin nan guda za su shiga.

A ce abin da ya rage ₦12,000,000 ne, sulusi ₦4,000,000 ke nan. Ka bar wa aboki doki mai ƙimar ₦1,500,000 da ₦2,500,000 na ɗawainiyarsa, sannan ka manta ka taɓa yi wa wata Islamiyya wasiyyar ₦1,000,000. Jimla ₦5,000,000, an zarce da miliyan ɗaya. Idan magada ba su yafe ba, za a rage wa kowa kashi ɗaya cikin biyar. Kuɗin ɗawainiya ya koma ₦2,000,000, Islamiyya ta sami ₦800,000, dokin kuma sai a wayi gari magada na da ₦300,000 a jikinsa, sai abokin ya biya su kafin ya zama nasa shi kaɗai.

Gargaɗi: ba da dukiyar ranar da ka rubuta ake auna sulusi ba, da abin da ka mutu ka bari ake aunawa. Kada ka cika shi maƙil. Ka bar sarari, ka kuma sake duba takardar duk shekara biyu, ko duk lokacin da ka sayar da gida, ka ci babban bashi, ko dabbar ta mutu. Idan ka ambaci wani doki takamaimai ya riga ka mutuwa, wasiyyar ta faɗi, sabon dokin da ka saya bai maye gurbinsa ba sai ka sake rubutu.

5. Rubuta, ka kafa shaidu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta "na bar wa kyanwata naira kaza". Wasiyya sai ga wanda ke iya mallaka, kyanwa ba ta mallaka. Mutum ake bar wa. Ga tsarin da za a iya bi, a gyara shi yadda ya dace:

"Na yi wasiyya da dokina ja mai farin goshi, wanda hotonsa ke haɗe da wannan takarda, tare da sirdinsa da linzaminsa, ga wane ɗan wane. Idan bai karɓa ba ko ya riga ni rasuwa, ga wane. Na ware naira kaza daga sulusin dukiyata a hannun wasiyyina wane, ya riƙa ba wanda dokin ke hannunsa abin ciyarwa da magani duk wata uku. Idan dokin ya mutu ko aka sayar da shi, abin da ya rage a bayar da shi ga masallacin kaza."

Dubi abin da wannan rubutu ya yi. Ya raba mai riƙon dabba da mai riƙon kuɗi. Kuɗin da aka danƙa wa mutum gaba ɗaya ya zama nasa, idan ya sayar da dokin bayan wata biyu da wuya a ƙwato komai. Ya kuma ambaci kayan doki. A Zazzau da Kaduna wani sirdin hawan salla da kayan adonsa sun fi dokin tsada, idan ba a ambata ba gado ne. Ga dabba mai ciki ko tattabaru masu ƙwai, ƙara layi a kan abin da za a haifa, don kada a zauna musu a kai.

Sai shaidu. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kaduna ke bi, takardar da aka tsinta a akwati da rubutun mamaci ba ta wadatar idan bai kafa shaidu a kanta ba ko bai ce a zartar ba, domin yana iya yiwuwa ya rubuta ya sake shawara. Kira adalai biyu, waɗanda ba su da komai a cikin wasiyyar, ka karanta musu, ku sa hannu da kwanan wata. Kafin nan ka kai wa malamin da ya san rabon gado ya duba lafazin. Yi kwafi uku: ɗaya wurin wasiyyi, ɗaya wurin limami ko lauya, ɗaya a gida inda iyali suka sani. Saƙon murya a WhatsApp yana iya taimakawa wurin tuni, amma kada ka dogara da shi, waya na ɓata, ko a kasa buɗe ta.

Wanda ba Musulmi ba, iyakar sulusi da hanin wasiyya ga magaji ba su hau kansa ba, yana iya bar wa ɗansa ko matarsa dabbar kai tsaye. Tasa wasiyyar Dokar Wasiyya ta Jihar Kaduna ce ke tafiyar da ita: dole a rubuce, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Gargaɗi a nan: wanda aka bar wa kare, ko matarsa, kada ya zama shaida, zai rasa abin da aka bar masa. A ajiye takardar a sashen tabbatar da wasiyya na Babbar Kotun Jiha ko wurin lauya. Shi ma mutum zai bar wa, ba karen ba.

6. Ko ka bayar tun kana da lafiya

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga wanda ke son ɗansa ko matarsa su riƙe dabbar. Kyauta a lokacin lafiya ba ta da iyakar sulusi, ana kuma yi wa magaji. Sharaɗinta shi ne wanda aka ba ya karɓa a hannu, dabbar ta koma ƙarƙashin ikonsa, a gaban shaidu. Idan ka ce "na ba ka" amma dokin na nan a turkenka, kai ke hawa kai ke ciyarwa har ka rasu, kyautar ta ɓaci, ya koma gado. Wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ta dawo cikin sulusi. Uba ya kuma tuna da umarnin yin adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta. Wanda ya ba ɗa ɗaya doki ya dubi abin da zai ba sauran.

7. Ranar rasuwa da kwanakin makoki

A nan aka fi yin asara, tun kafin a buɗe wata takarda. Ƙofar gida a buɗe take kwana uku, an shimfiɗa tabarmi har waje, mata cike da tsakar gida, yara na kai da kawo. Wani ya ja karen ya ɗaure a jikin tankin ruwa a bayan gida don kada ya tsorata baƙi, da igiyar da ba ta kai inuwa ba, kwanon ruwansa ya kife tun safe, ba wanda ya leƙa sai da aka ji ya daina haushi. Kyanwa ta tsallake katanga. Yaran unguwa sun gano ba a kulle ɗakin tattabaru ba.

Babba a gidan ya naɗa mutum ɗaya da suna a ranar farko, ba "yara su duba" ba. Aikinsa: ruwa safe da yamma, abinci irin wanda aka saba, inuwa, da kwaɗo a ɗakin tattabaru da barga. A ƙirga komai a ranar, a ɗauki hoto, mutum biyu su shaida. Kyanwa a sa ta ɗaki ɗaya a rufe da ruwa da kwanon yashi. Aku a ɗauke kejinsa daga hayaniya da hayaƙin girkin sadaka.

Gargaɗi kan doki: dokin da ake hawa kullum aka daina fitar da shi, a rage masa hatsi da rabi nan take, a bar masa harawa da ruwa wadatacce, a riƙa jansa yana tafiya ko na minti 30 ne a rana. Cika masa hatsi yana tsaye a turke na kawo ciwon ciki da kumburin kofato. Idan ya fara birgima, yana waiwayen cikinsa, yana tona ƙasa da ƙafa, a kira likita a lokacin, ba gobe ba.

Gargaɗi kan kyanwa da kare: sukan ƙi abinci idan mai su ya ɓace musu. Kare lafiyayye na iya jure kwana ɗaya ko biyu, amma kyanwar da ta kai kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba hantarta na cikin haɗari. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada kuma a zuba wa kare ragowar abincin sadaka mai albasa da ƙasusuwan kaji dafaffu. Idan ya ciji wani a cikin cinkoson, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a nemo katin rigakafinsa, a tsare shi ana lura da shi kwana 10. Kada a kashe shi a yar, lura da shi ce ke nuna ko yana da cutar.

8. Tsakanin makoki da rabo

Daga lokacin rasuwa dabbobin sun zama na magada a haɗe, bayan bashi da wasiyya. Babu mai ikon sayarwa, kyautarwa ko yankawa shi kaɗai, ko da babban ɗa ne. Ragon da mamaci ke kiwo don layya ba a yanka shi a sadakar uku sai da yardar masu shi, idan kuma akwai marayu ƙanana, ba mai yafe kasonsu.

Ciyarwa daga dukiyar mamaci take fita. Matsalar ita ce banki na rufe asusu da zarar ya sami labarin rasuwa, ba ya saki sai an kawo takardun kotu, wannan kuwa yakan ɗauki watanni. Saboda haka wani zai riƙa kashe nasa. Ya sanar da magada ko wasiyyi tun farko cewa rance ne, ya buɗe littafi, ya rubuta kowane dami da kwanan wata, ya ajiye rasit. Wanda ya yi shiru yana kashewa, ranar rabo ya zo da lissafin baki, sai a ce masa ai don Allah ya yi.

Yaron barga ko mai kula da tattabaru kada a sallame shi a makon farko. Shi ya san halin kowace dabba. Albashin da yake bin mamaci bashi ne, ana biya kafin gado. Idan wasiyya ta riga ta ambaci mai karɓa, kuma a fili yake ba a zarce sulusi ba, magada na iya miƙa masa dabbar a matsayin amana tun kafin a gama rabo, da 'yar takarda da shaidu. Abu ɗaya da ya kamata a duba: matar da ke takaba za ta zauna a gidan wata huɗu da kwana goma. Idan karen ne gadin gidan, ko kyanwar ta saba da ita, babu dalilin gaggawar ɗaukewa.

9. Ƙimantawa

A kira mutum biyu da suka san kasuwar wannan dabbar, waɗanda ba su da niyyar saye. Raguna da shanu, dillalan Zango a Tudun Wada sun isa. Doki kuwa sai mai dawaki, domin dokin folo da ya horu da dokin hawan salla da na jan kaya ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da tsayinsu ɗaya. Likitan dabbobi ya duba haƙora don shekaru, ya duba ƙafafu.

Tattabaru su aka fi cuta. Magajin da bai san harkar ba yana ganin tsuntsaye hamsin, sai ya yi musu kuɗin ɗan shila na miya, alhali a ciki akwai miji da mata na ado da kuɗinsu ya fi na sauran a haɗe. Wanda ya zo da sauri a ranar bakwai yana cewa zai kwashe duka ya rage muku wahala, yawanci ya san abin da ke ciki. A ƙimanta su biyu-biyu, kada a raba miji da mata.

Kare na da nasa hukuncin. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hanin sayar da karnuka, da saɓanin malamai a kan wanda aka yi izinin riƙewa. Saboda haka kada magada su sa wa karen gadi kuɗi da kansu su cusa a lissafi, a bar wa alƙali ko malamin da ke rabon ya yanke. A aikace, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar shi ga wanda ke da bukatar gadi kuma zai iya ciyar da shi. Aku mai jan wutsiya kuma yana cikin tsuntsayen da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, don haka magajin da ke zaune a waje kada ya ɗauka zai sa shi a jirgi ya tafi da shi.

10. Rabo

Iyali na iya rabo a gida da malami idan kowa ya yarda, a rubuta a sa hannu. Idan akwai marayu, ko saɓani, ko kuɗi a banki, a je kotun shari'a ta yankin, kamar ta Magajin Gari ko ta Rigasa. A tafi da shaidar rasuwa, sunayen magada, jerin dukiya har da dabbobi da ƙimarsu, takardar wasiyya da shaidunta, da littafin ciyarwa. Kuɗin kotu a tambayi magatakarda, a biya a karɓi rasit. Wanda ba Musulmi ba, masu zartar da wasiyyarsa za su nemi tabbatarwa a Babbar Kotun Jiha.

Doki ba ya rabuwa gida takwas. Hanya biyu ce: ko magaji ɗaya ya ɗauka a cire ƙimarsa daga kasonsa, ya cika wa sauran idan ya zarce, ko a sayar a raba kuɗin. Hanya ta uku da iyalai ke so, wato "a bar shi na gida don tunawa da Baba", ita ce ke ƙarewa da doki ramamme, domin abin da yake na kowa ba mai sayen harawarsa. Idan an nace, a rubuta wanda zai riƙe, da abin da kowa zai riƙa bayarwa a wata, da ranar da za a sake zama.

11. Miƙa dabbar ga sabon mai ita

A haɗa ta da littafinta, katin rigakafi, kwanonta, da abincin mako ɗaya zuwa biyu irin wanda ta saba. Sauya abinci a hankali ake yi cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabo ana rage tsoho. Kyanwa a tsare ta cikin ɗaki mako biyu zuwa uku kafin a bar ta fita, in ba haka ba za ta nemi hanyar tsohon gida. Karen gadi, sabon mai shi ya riƙa zuwa yana ba shi abinci da hannunsa na 'yan kwanaki kafin a ɗauke shi, tare da wanda karen ya sani.

Tattabaru kada a ɗauke masu kwanci ko masu ciyar da 'ya'ya. Ƙwai na ƙyanƙyashewa a kwana 17 zuwa 19, 'ya'yan kuma na bukatar wajen mako huɗu a hannun iyaye. A sabon wuri a ware su daga na gidan mako biyu zuwa uku saboda cuta, a kuma kulle su aƙalla wata ɗaya. Duk da haka manya sukan koma tsohon ɗaki idan an sake su, musamman idan daga Kawo zuwa Unguwar Dosa ne kawai. Kada a rushe tsohon ɗakin da wuri, a kuma yi yarjejeniya cewa wadda ta dawo ta sabon mai ita ce. Doki a ɗauke shi da sanyin safiya, a ware shi daga sauran dawaki na mako biyu.

12. Idan babu mai so

Ba a buɗe ƙofa a kori kare ko a kai kyanwa kasuwa a yar. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma nauyin yanzu a wuyan magada yake. Karen da ya tashi a gida aka kora, ko yunwa ta kashe shi ko ya ciji ɗan wani.

A fara da abokan mamaci na harkar, waɗanda suke zama tare da yamma a gindin ɗakin tattabaru ko a barga, su suka fi sanin mai nema. Sai likitan da ke duba dabbar, yana da jerin masu kiwo a wayarsa. Doki a tuntuɓi masu dawaki na filin folo da ke dandalin Murtala ko na Zariya. Dabbar da ta tsufa ƙwarai ko take fama da ciwon da ba ya warkewa, a kai ta asibitin dabbobi na gwamnati ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, likita ya duba ya faɗi abin da ya fi mata sauƙi. Kuɗin wannan dubawar ma daga dukiyar mamaci yake fita, a rubuta shi a littafin ciyarwa.